Rahoton Kwamitin Gyaran Kwalbatin Bakin Rafi

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa da 'yan'uwa maza da mata da suka ba da gudummawa.

Tun da aka buɗe hanya ake tambayarmu inda kuɗin jama'a suka shiga, wasu ma suna cewa aikin bai kai abin da aka tara ba. Tambaya ce da ta dace, kuma ga amsarta. Littafin shiga da fita da duk rasidai suna hannun ma'aji, duk mai son dubawa ƙofa a buɗe take.

An kafa kwamiti bayan ambaliyar da ta cinye tsohon kwalbati, aka yarda a fara aiki da rani, aka ɗauki magini da injiniya mai sa ido. Wannan babu wanda ya yi gardama a kai.

Kafin a sa diga a ƙasa, sai da muka zauna da dattawa muka bi tarihin ruwa a garin nan. Manyan ambaliya uku suka iya tunawa, kuma duk ukun hanya ɗaya suka biyo. Guguwar farkon damina ce ke fara karya rassan itatuwa, ta yaye kwanon rufi, ta watsa shara cikin rafi. Ruwa mai ƙarfi na biyo baya ya kwashe tarkacen ya cusa a bakin kwalbati, bakin ya toshe, ruwa ya koma baya ya shiga gidaje. Har yau akwai shatin ruwa a jikin katangun unguwar ƙasa. Mun auna mafi tsayinsa, ya kai santimita 70 daga ƙasa. Da muka tono ɓaraguzan tsohon kwalbati kuma, sai muka ga daga bakin fita ya fara lalacewa: ruwa ya yi ta ƙwaƙule ƙasar da ke ƙarƙashinsa har ya zauna a kan iska, ya karye.

A kan wannan ne muka sayi zoben kankare masu faɗin milimita 900, guda 16, aka jera su layi biyu, takwas-takwas. Mun san an yi magana sosai a kan sayen nan. Wasu sun ce a mayar da irin na da, layi ɗaya mai milimita 600, wasu suka ce a yi layi biyu na 600 ɗin, a rage kashe kuɗi. Amma bakin bututu ba ya ƙaruwa daidai da faɗinsa. Na 900 ya ninka na 600 sau biyu da kwata a girman rami, saboda haka layi biyun da muka sa sun ninka tsohon sau huɗu da rabi. Ban da wannan, reshen da zai gitta a bakin na 600 ya tare shara, yawanci wucewa yake yi ta na 900. Da mun mayar da ƙaramin, da mun sake gina abin da ya riga ya kasa sau uku.

Asarar da ta fi yi mana ciwo a fandisho ta faru, kuma ba za mu ɓoye ta ba. An haƙa santimita 40 ƙasa da gindin rafi, aka ga ƙasa ta yi tauri, aka zuba daɓen kankare mai kaurin santimita 15 ba tare da rodi ba. Kwana tara bayan haka aka yi ruwan bazata, daɓen ya nutse ta gefe ɗaya ya tsage gida uku. Da aka fasa shi, sai ga baƙar laka haɗe da tsohon juji a ƙarƙashi. Irin wannan laka in ta bushe kamar dutse take, in ta sha ruwa sai ta kumbura ta yi laushi. Buhun siminti 28 suka tafi a nan, da yashi da tsakuwa da ladan ma'aikata. Kuskuren shi ne rashin haƙa ramin gwaji tun farko, kuma kwamiti ya ɗauki laifin, bai ɗora wa magini ba.

Aka sake haƙawa har mita ɗaya da santimita 30, inda aka taras da marmara mai ƙarfi. Aka cike ramin da fasasshen dutse, hawa-hawa, kowane hawa santimita 15, ana daddaɓe shi kafin a ƙara wani. A kai aka shimfiɗa kankare mai rauni na santimita 5, sannan daɓe na santimita 20 da ragar rodi mai milimita 12, tazarar santimita 20 tsakanin kowane biyu. Haɗin kuwa kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. An ba daɓen gangara ta santimita 8 a tsawon mita 8 don kada yashi ya kwanta a ciki. Wannan ya ci buhu 36. Sauran 67 sun tafi a liƙe zobba, bangayen baki, bangayen gefe masu karkato ruwa, da daɓen bakin fita wanda aka yi wa haƙori, wato ɗan bangon da ya nutse cikin ƙasa, mai zurfin santimita 60 don hana ƙwaƙulewar da ta kashe na da. Jimla buhu 131. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin yana binne inda ido ba ya gani, shi ya sa mai wucewa zai ga kamar aikin kaɗan ne.

Masu motoci sun ji haushin rufe hanya. Kankare a kwana bakwai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa yake samu, sai a kwana 28 yake cika, ana shayar da shi ruwa safe da yamma a makon farko. Ba za mu bar tifa ta hau shi ɗanye ba.

Muna miƙa godiya ta musamman ga dattijon da ya biya rabin zobban shi kaɗai, ya kuma hana a ambaci sunansa. Da mai tifar da ya kwaso dutse sau goma sha ɗaya bai karɓi ko kuɗin mai ba. Da 'yan'uwanmu mazauna nesa waɗanda suka sake turo kuɗi ranar da suka ji daɓen ya tsage, ba tare da sun tsaya bincike ba. Matan unguwa da suka yi ta ɗebo ruwan shayar da kankare, da matasan da suka yi haƙa kyauta, Allah Ya saka muku da mafificin alheri.

Sai dai aiki bai ƙare ba, kuma abin da ya rage yana hana mu barci. Yanzu da kwalbati ya buɗe, ruwa zai fita da yawa kuma da gudu fiye da da, ya bi lambatu mai tsawon mita 140 wanda har yanzu zallar ƙasa ce. Gidaje bakwai ne a bakinsa. Ana buƙatar jera masa dutse da siminti ƙasa da gefe biyu: kimanin tifa 17 ta dutse da buhun siminti 190. In ba za a samu duka ba, mita 40 na wajen lanƙwasar lambatun, inda ruwa ke dukan katangu kai tsaye, dole a gama su kafin ruwan farko. Mai buhu ɗaya ya kawo, mai baro ya zo da baronsa. Ma'aji zai ba kowa rasidi a take.