Hattara da agogon da ake cewa yana auna sukari ba huda yatsa

Ranka ya daɗe Edita,

Muna neman fili mu ja kunnen masu ciwon sukari game da agogunan hannu da ake tallatawa a intanet, wai suna auna sukarin jini ba sai an huda yatsa ba.

Dabarar da masana ke bincike a kai ita ce a haska fata da wani haske da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 780 zuwa 2500 (nanomita wani ɗan mitsitsin ma'aunin tsayi ne da ake bambance ire-iren haske da shi). Sukari kan shanye kaɗan daga cikinsa, musamman wajen 1600 da 2100, sai na'ura ta auna abin da ya dawo ta yi lissafi.

Inda gizo ke saƙa shi ne, sukarin da ke cikin lita guda ta jinin mai lafiya kusan giram 1 ne kacal. Ruwan jiki kuwa yana shanye hasken sosai a 1450 da 1940, ya danne alamar sukarin. Fata ta ɗan yi zafi, gumi ya tsatso, ko maɗaurin agogon ya yi sako-sako, nan take sakamako ya kauce. Lissafin da aka daidaita da fatar wani ma ba ya zama daidai a fatar wani.

A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da ko ɗaya daga irin waɗannan agoguna da zobba ba. Abin da ke tayar mana da hankali shi ne mai allurar insulin: agogo ya nuna masa 180, wato sukari ya hau, alhali sukarinsa ya sauka ƙasa da 70, ya ƙara allura, ya suma.

Don Allah a ci gaba da amfani da na'urar huda yatsa. A wanke hannu da sabulu, a bari ya bushe, a duba ranar lalacewar tsinken gwaji, kuma kada a bar kwalbarsa a buɗe ko cikin mota da rana.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, Kano