Zuwa ga abokina a Tamanrasat

Salamu alaikum abokina, ina gajiya, ina zaman baƙunta? Mutanen Birni duk lahiya lau, Damagaram dai sai zafi.

Na saurari saƙonka inda kake cewa barci ya ƙaurace ma, gabanka na faɗuwa ko ba dalili, har kana tsoron ko raunin imani ne. Wallahi maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa zan gaya ma abin da muke karantawa a fakilte, don wannan abu a jiki yake kuma an san hanyar da yake bi.

A ƙwaƙwalwa akwai sinadarin glutamat, shi ne babban mai zaburar da ƙwayoyin jijiya. To idan ka hango masu binciken takardu ko ka tuna kuɗin da ake jira a gida, saƙo na isa wani ɗan wuri can ƙasan ƙwaƙwalwa, ipotalamus, glutamat ya manne a mazauninsa da ake kira AMPA da NMDA, ƙwayoyin wurin su saki wani sinadari mai kai saƙo, CRH, shi kuma ya gangara ipofiz, wata ƴar halitta da ke ƙarƙashin ipotalamus, ita kuma ta zuba wani sinadarin, ACTH, cikin jini, jini ya kai shi ga wasu ƴan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda, su ne ke sakin kortizol, sinadarin damuwa. Bugun zuciyar farko aikin adirenalin ne, wani sinadarin da waɗannan ƴan halittun ke saki, cikin daƙiƙu, shi kortizol sai bayan minti 20 zuwa 30 yake kai ƙarshen hawansa, ya ƙara suga a jini don ka samu ƙarfin gudu ko faɗa.

Kamar kabu-kabu ne, glutamat totur, wani sinadari GABA birki, kuma kortizol ɗin da kansa yakan koma ƙwaƙwalwa, musamman ipokamp, wani sashenta mai aikin tunawa, ya ce ya isa haka. Matsalar sai in damuwa ta ƙi ƙarewa. Bruce McEwen da abokan aikinsa a Amurka sun nuna a 1995 cewa ɓerayen da aka takura makonni, rassan ƙwayoyin ipokamp ɗinsu sun motse, da aka toshe NMDA kuma hakan bai faru ba. Ka ga yawan glutamat ɗin ne ke taɓa wurin da ke taimakawa wajen tsayar da abin, shi ya sa mutum ke kwance dare ya raba amma jiki na nan a shirye kamar ana korarsa. Abin da ya faranta min rai, rassan sun sake tohowa bayan an daina takurar.

Kar ka ce farin magi ne, e glutamat ne a ciki, har daddawa ma akwai, amma na abinci kusan ba ya ƙetarawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, ita ke haɗa nata.

Don Allah ka rage shayi mai ƙarfi bayan magariba, kafeyin na ɗaga kortizol, kuma ka yi nesa da taramol ko wa ya miƙo ma. Ka ci gaba da addu'a, ka kuma je ka ga lokotoro ya auna ka, ko da zai ci kuɗin aikin yini guda ne. Inna na gaishe ka, ban gaya mata komai ba sai ka ba ni izini. Ka kira ni ran Juma'a bayan an sauko masallaci, in ji abin da ya ce ma.

Naka har kullum,
abokinka daga Damagaram