Sanarwa: fitar mu ta Asabar a Yauri

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Fita tuƙin kwale-kwale na nan ranar Asabar in sha Allahu, haɗuwa a bakin kogi bayan sallar asuba, ƙarfe 7 mu shiga ruwa tun iska bata taso ba.

Maganar rigar kariya don Allah ba wasa, duk wanda bai saka ba ba zai hau ba ko da kuwa ɗan Sarkawa ne da aka haifa a bakin ruwa. A ɗaure igiyar sosai, in an ja ta kafaɗa ta taho har kunne to bata ɗauru ba. Kogin Neja ba kogin Matan Fada na Argungu bane, wanda ya saba kallon wasan ruwa na Kabanci a can kar ya ɗauka ɗaya ne, nan akwai duwatsu ƙarƙashi kuma wajen tsibirai ruwa na juyawa da ƙarfi ya fizgi gaban jirgi kafin ka ankara, ga dorina kuma, shi yasa mun je mun gaida Baba Sarkin Ruwa ya bamu mutanensa biyu su shige gaba. Inda suka ce a kauce, a kauce.

In jirgi ya kife kar a sake shi, a riƙe gefe, ƙafafu a sama kar su maƙale a dutse.

Sabbin shiga ku zauna tsakiya, za a nuna muku riƙon filafili tun a tudu. Waya a leda. Mai zuwa ya rubuta sunansa nan kafin Alhamis da dare mu san jirgi nawa za mu kama.