Wasiƙa Zuwa Kumasi: Ranar da Amita Ya Je Neman Aiki

Fagge, Kano.

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai hazo da ya sauko da wuri bana, duk gidan tari ake yi.

Na saurari saƙon muryarka har sau uku. Na kira, layi ya yi ta yankewa, kuma maganar ta fi ƙarfin minti biyu, shi ya sa na zauna bayan isha'i na ce bari in rubuta. Na ji batun shagon, na ji yawan bashin. Allah ya mayar da alheri. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganarka ta ƙarshe: yaron da ka koya wa ciniki, wanda yanzu ya buɗe nasa wurin, ya ce ka zo ka riƙe masa sito da littafi, kai kuma ka ce gara yunwa ta kashe ka. Har ka yi 'yar dariya ka ce kai ba Amita ba ne da za a yi wa dukan kawo wuƙa ya tashi ya kaɗe riga. To ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, domin Amitan da ka sani na majigi ne, akwai wani kuma da ba mu gani ba.

Ka tuna zamanin da muke satar jiki mu tafi Plaza ko Marhaba daren fim ɗin Indiya, kuɗin shiga ma sai mun yi karo-karo? Ba ma jin ko kalma guda ta yarensu, amma da ya leƙo da dogayen ƙafafun nan sai silima ta kaure da ihu. Mu a lokacin gani muke da sarauta aka haife shi. Ashe ba haka ba ne. An haifi Amita, wato Amitabh Bachchan, a Allahabad a 1942, ubansa mawaƙin baiti ne sananne, mutumin littafi, ba attajiri ba. Ya yi aikin kamfani a Kalkata kafin ya sauka Bombay, ya fito a fim ɗinsa na farko a 1969, daga nan fina-finansa suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce ya cika tsawo. Muryar nan da muke kwaikwayo a soro, shi da bakinsa ya ce ya kai ta gidan rediyon gwamnati neman aiki ba a ɗauke shi ba. Sai a 1973 da fim ɗin Zanjeer ya fito tauraronsa ya haska, kuma a shekarar ya auri Jaya Bhaduri, wadda a lokacin ta fi shi suna. Yadda auren ya zo ma abin dariya ne: sun yi niyyar zuwa Landan murnar nasarar fim ɗin, uban Amita ya ce babu inda za su tare sai an ɗaura aure. Ka ga dattijon Hindu da hukuncin malamin zaure.

Hatsarin 1982 kuwa ka san shi, don mun kalli Coolie tare, inda ya fito ɗan dako Musulmi mai lamba 786. A Bangalore ake ɗaukar wani faɗa, ya bugi gefen tebur da ciki, aka kwashe shi rai-kwakwai-mutu-kwakwai zuwa asibiti a Bombay. Ƙasar gaba ɗaya ta duƙufa addu'a. Ya tashi, amma a cikin jinin da aka ƙara masa akwai cutar hanta, ba a gano ba sai bayan shekaru masu yawa, kuma ya sha faɗa cewa da kashi ɗaya cikin huɗu na hantarsa yake rayuwa. Siyasa ma ya leƙa a 1984 saboda abotarsa da Rajiv Gandhi, firaministan Indiya na lokacin, ya ci kujerar majalisa a Allahabad, shekara uku ya ajiye ya gudu. Wannan ba shi ne abin da ya zaunar da ni ba.

Abin da ya zaunar da ni shi ne karayarsa. A tsakiyar shekarun 1990 ya kafa kamfani mai suna ABCL, wai zai haɗa shirya fim da rarrabawa da waƙoƙi da shirya taruka duk a inuwa guda. Kamfanin ne ya ɗauki nauyin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Bangalore a 1996, aka tafka asara, fina-finan da suka zuba wa kuɗi su ma suka kwanta. Kafin shekarar 2000 bashi ya kai wajen rupi miliyan 900, ƙararraki a kotu sun haura 50. Banki ya sa ido kan Prateeksha, gidan da iyayensa ke zaune a ciki. Masu bin bashi suna zuwa har ƙofar gida suna faɗa masa baƙar magana, mutumin da ake tsayar da mota a titi don a gan shi. Ɗansa Abhishek ya baro karatu a Amurka ya dawo gida. Kai da ka ce kunya ta hana ka fita sallar Juma'a a Zango, kwatanta da wanda duk jaridar ƙasarsa ta buga hotonsa da adadin abin da ake binsa.

A cikin wannan hali attajirin nan Dhirubhai Ambani ya aiko ɗansa da tayin kuɗin da zai share bashin. Amita ya yi godiya, ya ce a'a. Amma wata safiya ya tashi, ya taka da ƙafa zuwa gidan mai shirya fim Yash Chopra, da yake ba su da nisa a unguwar Juhu, ya ce masa ba shi da aiki, ba shi da kuɗi, yana neman a ba shi aiki. Yana dab da shekara 60 a lokacin. Aka ba shi matsayin tsohon shugaban makaranta mai taurin kai a Mohabbatein, jarumin fim ɗin kuwa Shah Rukh Khan ne, wanda yana ɗan makaranta lokacin da Amita ke mulkin silima. Ya karɓa. A shekarar 2000 ɗin dai aka kawo masa shirin kacici-kacici na talabijin, Kaun Banega Crorepati. A wancan zamanin babban jarumi ya koma talabijin tamkar mai kanti ne ya koma kasa kaya a tire, na kusa da shi ma sun hana shi. Ya karɓa. Talla kuwa babu wadda ya raina: man gashi, cakulan, alƙalami, duk ya riƙe ya yi wa kyamara murmushi. An yi masa ba'a, ni ma na yi. Da wannan ya biya kowa haƙƙinsa.

Ka duba bambancin abu biyun nan, don ni a nan na tsaya na daɗe. Kyauta aka kawo masa har gida ya mayar, aiki kuma shi ya je ya roƙa. Kai kuwa, ka yi haƙuri da ni, ka juya lissafin. Ka ce in yi wa surukinka magana ko zai rufa maka asiri da wani abu, amma aikin da aka yi maka tayi da mutunci ka ce ƙasƙanci ne. Zan yi maganar in ka nace, ba na ƙi ba. Sai dai na san ka tun muna allo, na san kuɗin suruki zai fi yi maka nauyi a wuya fiye da mukullin sito.

Na san za ka ce ai shi yana da suna, sunan ne jarinsa. Gaskiya ne, kuma ba zan ce maka za ka tara abin da ya tara ba. Da Jaya ta sake neman kujerar majalisar dattawansu a 2024, takardar kadarorin da ta cike ta nuna ita da shi sun haura rupi biliyan 15. Gidan nan da banki ya so karɓewa ya ba 'yarsa Shweta kyauta a 2023. Kowace Lahadi in yana gari mutane na cika ƙofar gidansa na Jalsa ya fito ya ɗaga musu hannu. Amma kai ma kana da abin da ya yi saura bayan kaya sun ƙare. Me ya sa yaron nan bai nemi wani ba? Shekara nawa ka yi a kasuwar Kumasi ba a taɓa kama ka da algus ko tauye mudu ba? Wanda zai damƙa wa mutum sito ai ba tausayi yake yi ba, tsoron ɓarayi yake ji.

Kada ka ɗauka na mayar da mutumin waliyyi. Akwai abubuwansa da ba sa burge ni, musamman yadda yake kame bakinsa kan duk abin da zai ɓata wa masu mulki rai, ko wane ne a kan kujera. Tsegumin da aka daɗe ana yi a kansa da jarumar fim Rekha kuwa ba zan ɗauko maka shi ba, shi bai taɓa amsawa ba, aurensa da Jaya ya haura shekara 50, ni kuma ban ga dalilin ɗaukar alhakin mutanen da ko sunana ba su sani ba. Abin da na gani kawai, tsoho ne da ya wuce 80, ga ciwon hanta, ga korona da ta kwantar da shi a 2020, amma har yanzu yana sa kwat ya zauna gaban kyamara yana yi wa ƙauyawa da malaman firamare tambayoyi cikin ladabi.

Ka je ka ga yaron nan ranar Asabar, tun kafin ya ba wani. Ku yi maganar albashi a fili, a rubuta, kada kunya ta sa ka ce duk abin da ya bayar. Ka kuma zauna ka jera masu binka a takarda, ka fara da mai ƙaramin ƙarfi, irin matar nan da ka ce ta ba ka kuɗin adashinta. Akwai mai motar goro da zai taso ƙarshen wata, zan ba shi ɗan saƙo da kilishi ya kawo wa yara.

Ka gaishe da uwargida, ka duba mini Hajiya da jiki. Maman yara tana gaishe ku, ta ce a tuna maka alkawarin atamfarta, na ce mata ba yanzu ba.

Naka,
Abokinka na benci na gaba.