Wasiƙa Zuwa Ga Aminina a Damagaram

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aiki. Mu ma nan Zariya lafiya lau, sai godiyar Allah.

Labarin malaminmu na zane nake so in ba ka. Furfura ta cika masa kai, amma ya rungumi kwamfuta fiye da yaran da yake koyarwa. Abin da ya dame shi shi ne tsofaffin zanukan bango na cikin birni, waɗanda damina ke cinyewa, masu gida kuma suna shafe sauran da siminti. Sai ya riƙa fita da ɗalibai da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi ta jefa inuwa, su kewaye ƙofar zaure suna ɗaukar hotuna da waya ta kowace kusurwa, kowane hoto ya ɗan hau kan na kusa da shi. Manhajar Meshroom ta haɗa su, a gyara a wata manhaja mai suna Blender, sai ga bangon a allo da tudu da kwarinsa, kana juya shi yadda ka so. Wallahi da na ga dagi yana juyawa, har da gurbin yatsun magini a jikin makuba, sai da idona ya kawo ruwa.

Abin da ya fi burge ni kuwa: a manhajar zane ta Krita akwai wata dabara da ke kwafe rabin zane zuwa ɗaya gefen, amma ya hana sababbin ɗalibai taɓa ta. A ganinsa ba magini da ya taɓa yin gefe biyu daidai wa daida, kuma wannan ɗan bambancin ne ran aikin. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Kuma manhajojin nan duk kyauta ne, ɗan talaka ma zai iya.

Yakan tuna mana da masu zane su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, da suka kafa ƙungiyarsu a garin nan a 1958 don su haɗa fasahar gida da ta Turai. Hanyarsu yake bi.

Don Allah, in ka samu sarari ka shiga unguwar Birni ka ɗauko mana hotunan gidajen nan masu ado, bayan ka nemi izinin masu su. Malam zai yi murna ƙwarai.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka na Zariya