Wasiƙar Godiya Ga Ma'aikatan Hukumar Tattara Haraji Ta Jihar Jigawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin mahaifiyarmu da ƙannena, domin mu gode wa ma'aikatan ofishinku na Dutse, musamman masu kula da harajin ɗaiɗaikun mutane, bisa yadda suka karɓe ni lokacin da na je musu da lissafin fanshon iyayenmu bayan rasuwar mahaifinmu. Na zaɓi in yi godiyar a bainar jama'a saboda a ƙauyukanmu ba a saba jin an ambaci ofishin haraji da alheri ba, kuma ni kaina ina cikin masu yi muku mummunan zato kafin wannan rana.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kuma ya yi ritaya a ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo, wanda aka kafa da dokar 2004 aka sabunta shi a 2014. Da ya ajiye aiki, sai ya zaɓi a riƙa biyansa wata-wata daga asusunsa na fansho maimakon ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora, don haka da Allah ya karɓi abinsa, abin da ya saura a asusun ya zama gado. Ita ma Inna ta yi aiki a asibitin Gwamnatin Tarayya na Birnin Kudu har ta yi ritaya, tana karɓar fanshonta na naira 70,000 duk wata. Da kuɗin da aka ba ta a dunƙule lokacin ritaya ta gina shaguna biyu a bakin titi, kowane ana biyan hayarsa naira 240,000 a shekara, sannan tana ɗan taɓa sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida.

Rasuwar ta zo a daidai lokacin da zancen sabuwar dokar haraji ya cika gari, wato dokar da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. A zaman makoki kowa ya zama masani. Wannan ya ce duk kuɗin da ya shiga banki sai an yanki wani abu a ciki, wancan ya ce har gado gwamnati za ta raba da magada. Ranar sadakar bakwai kuwa wani mutum, daga cikin masu yawo da jaka suna cike wa jama'a takardu, ya jawo ni gefe bayan ya yi ta'aziyya, ya ce idan muka ba shi kashi 10 cikin ɗari na abin da ya rage a asusun Baba, zai biya mana harajin ya kuma share mana hanya. Ashe Inna tana jin mu ta bayan labule. Daga ranar ba ta ƙara yin barcin kirki ba, ga zafin rashi, ga takaba, ga kuma fargabar cewa ɗan abin da take ci da marayu za a zo a ƙwace.

A daren na zauna da tocila na yi nawa lissafin a bayan littafin makarantar ƙanwata. Na ji a rediyo cewa naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, abin da ya biyo baya har zuwa miliyan 3 kuma kashi 15 ne cikin ɗari. Sai na haɗa fanshon Inna na shekara, naira 840,000, da hayar shaguna 480,000, da ribar man gyaɗa wajen 150,000, jimla ta tashi naira 1,470,000. Da na cire 800,000 na ɗauki kashi 15 na ragowar, sai ga naira 100,500 suna kallona, ban da abin da mai jaka yake nema. Kawu ne ya ce matambayi ba ya ɓata, in tafi Dutse in ji daga bakin masu abin.

Na shiga ofishinku da leda cike da takardu: shaidar rasuwa, bayanan kamfanin fansho na su biyun, da ɗan littafin da Inna take rubuta kuɗin haya. An nuna mini teburin wani dattijo mai furfura a gemu, wanda da ya ji abin da ke tafe da ni bai taɓa ko takarda ɗaya ba sai da ya yi mini ta'aziyya cikakkiya, ya tambayi ya haƙuri, ya yi wa Baba addu'a. Sannan ya karɓi lissafina ya karanta a tsanake, ya ɗauki jan biro ya ja layi a kan 840,000 ɗin nan, ya ce: "Malam, wannan ba namu ba ne." Ya buɗe mini Dokar Gyaran Fansho ta 2014, sashe na 10, inda aka rubuta cewa kuɗin ritaya da aka biya a ƙarƙashin dokar babu haraji a kansa, ya kuma ce sabuwar dokar ba ta canza wannan ba. Fansho, a cewarsa, guminta ne da aka tara mata tun tana aiki, kuma ba a ma saka shi cikin jimlar da ake auna naira 800,000 da ita. Nan ne kuskurena yake, domin na zuba wanda ake yi wa haraji da wanda ba a yi wa a kwano ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya a nan ba don ya rabu da ni. Ya tambaya ko Baba ko Inna sun taɓa zuba ƙarin kuɗi na ganin dama a asusunsu bayan wanda ake cirewa daga albashi, domin irin wannan, idan aka cire shi kafin ya cika shekara biyar, ribar da ya haifar ana yi mata haraji. Muka bi takardun layi-layi muka ga babu. Ya tambaya ko Inna a gidan haya take, domin sabuwar doka tana rage wa mai biyan haya kashi 20 cikin ɗari na hayarsa, muddin ragin bai wuce naira 500,000 ba, na ce masa a gidan mijinta take. Game da ragowar asusun Baba kuwa, ya ce babu wani harajin gado a dokar ƙasar nan, kuma tumunin takaba da Inna za ta samu nata ne ita kaɗai. Ya bambanta mini kuɗin da ake biya a kotu wajen karɓar takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda kamfanin fansho ke nema kafin ya saki kuɗin, da harajin kuɗin shiga, ya gargaɗe ni da in karɓi rasit a kan duk abin da na biya a can. Da na ba shi labarin mai jaka, girgiza kai kawai ya yi, ya ce kada mu ba shi ko sisin kwabo.

Abin da ya saura a takardar shi ne haya da ribar man gyaɗa, naira 630,000, wanda bai kai 800,000 ba, saboda haka harajin Inna ya tashi babu ko anini. Ya nuna mini cewa da a tsohuwar doka ne, bayan an cire mata rangwamen naira 200,000 da kashi 20 cikin ɗari, da harajinta ya kai naira 21,440. Ya kuma ce ko da babu abin biya, ya kamata a riƙa shigar da bayanin kuɗin shigarta kowace shekara kafin ƙarshen watan Maris, domin idan hayar ta ƙaru lissafin ma zai canza.

Da zan tashi sai na ce masa ina tsoron Inna ba za ta yarda da ni ba, za ta ɗauka lallashinta kawai nake yi, ga shi kuma ba ta fita sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Sai ya ce in kira ta. Ƙanwata ta kai mata wayar har kan tabarmar sallarta, shi kuma ya rage murya ya ce: "Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam. Ku kwantar da hankalinku, fanshonku naku ne, babu wanda zai taɓa muku shi, kuma hukuma ba ta bin ku komai." Ya maimaita mata lissafin da Hausa a hankali, har sau biyu, ya amsa tambayarta a kan shagunan ba tare da ya nuna gajiya ba, alhali akwai mutane uku a kan benci suna jira. Ina jin Inna daga can tana ta sa masa albarka, muryarta tana rawa.

Gaskiya ta sa in faɗa cewa ni ban fita haka nan ba. Da hira ta kai ga sana'ata, na ce ina sayen hatsi a ƙauyuka ina kaiwa kasuwar Shuwarin, sai ya yi murmushi ya juya takardar. Muka ƙiyasta ribata ta shekara a kan naira 1,400,000, ya cire 800,000, kashi 15 na ragowar ya tashi naira 90,000. Na je neman wa Inna sauƙi na dawo da nawa lissafin a aljihu, amma ban ji ciwo ba, domin hannun da ya soke 840,000 shi ne ya rubuta 90,000, kuma ya nuna mini cewa a asusun gwamnati ake biya ta banki, ba a hannun kowa ba. Na yi rajista a ranar, kuma tun daga lokacin nake rubuta cinikina a littafi kamar yadda ya shawarce ni.

Takardar nan mai jan biro tana wurin Inna, ta naɗe ta ta ajiye a cikin kwallarta tare da takardun Baba, kuma matan unguwarmu biyu da suka rasa mazajensu sun riga sun zo an karanta musu ita. Saboda irinsu nake roƙon hukumar, idan da hali, ta riƙa tura ma'aikatanta kasuwanni da fadar dagatai suna yin wannan bayani da Hausa, domin masu takaba ba za su iya zuwa Dutse ba, masu jaka kuwa har gida suke zuwa.

Ban ambaci sunan wannan bawan Allah ba saboda ban nemi izininsa ba, amma abokan aikinsa za su gane shi. Inna ta ce in isar masa da gaisuwarta, shi da matashiyar da ta buga mana takardun ba ta karɓi komai ba. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan iyayenku.

Wassalam.

Naku,
Babban ɗan marigayin,
daga Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, Jihar Jigawa.