Na gama matakin farko na Faransanci, Yayana ya ce in ajiye karatun

Assalamu alaikum Malam. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo. Ina roƙon a sakaya sunana, domin a garinmu ana sauraron shirin nan sosai, da an ji suna an gane gida.

Ni mutumin Kamba ne, ƙaramar hukumar Dandi a jihar Kebbi. Maganar karatun Faransanci ce ta sa na rubuto, ko da yake ba ita kaɗai ba ce. Na gama matakin farko, wanda suke kira A1, ni kaɗai a waya, ba malami ba aji, yanzu kuma ban san inda zan sa gaba ba. Da tun farkon wata na rubuto, da iyakar tambayar ke nan. To amma ranar Juma'ar da ta wuce an yi mini abin da har yanzu abinci bai koma yi mini daɗi ba, shi ya sa in ka ga maganar tawa tana gaba tana baya ka yi haƙuri.

Wanda bai san Kamba ba zai ce me ya haɗa ɗan Kebbi da Faransanci. Malam, mu a bakin iyaka muke. Daga nan zuwa Gaya ta Nijar ɗan gudu ne a babur, daga Gaya kuma gadar kogin Kwara ce kawai tsakaninka da Malanbil ta ƙasar Benin. Ta kudu akwai hanyar Bagudo zuwa Tsamiya, ita ma Benin take faɗawa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fatauci ya yi a wannan tsakani duk rayuwarsa, albasa da wake da manja, har Faraku da Kwatano ya sha zuwa. Yana jin Zabarmanci da Dandanci sarai, ciniki bai taɓa gagararsa ba. Abin da ya gagare shi takarda ce. Ina ƙarami wani dillali ya kawo masa takarda da Faransanci ya ce ta biyan kuɗin duwan ce, wato kwastam, Baba ya dangwala hannu, ashe yarda ce cewa an riga an biya shi kuɗin kaya mota guda. Na ga ranar da ya dawo gida ya zauna a zaure bai ko cire hula ba har aka kira magariba. Tun ran nan abin yake raina. Ba burga ce ta sa ni karatun nan ba kamar yadda ake faɗa a shago yanzu.

Bayan rasuwarsa Yayana ya riƙe shagon da gonar shinkafarmu ta fadama. Na manta ban faɗa ba, ba ɗakinmu ɗaya da shi ba, shi ɗan uwargida ne. Ni na gama kwalejin ilimi, aiki bai samu ba, sai na zauna ina riƙe masa littafin shago. Lokacin da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019 kasuwa ta mutu, wuni ake yi ana kallon juna. Ta ɗan farfaɗo, sai juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya zo aka sake rufewa har zuwa Maris ɗin 2024. A wannan zama na biyu ne na sauke manhajar koyon harshe na fara. Wasu karta suka riƙa yi da kallon ƙwallo, ban ce sun yi laifi ba, ni dai wannan na zaɓa. Da kuɗin aljihuna nake sayen data, cajin waya ma wurin mai janareto nake biya. Bayan sallar asuba in yi darasi, da dare in kwafe abin da na koya a littafi mai bango ja, kowace kalma da alamarta ta namiji ko mace, don a Faransanci tebur ma da jinsinsa, kamar dai yadda Hausa take yi, sai dai nasu sau da yawa ba ya dacewa da namu, dole ka haddace.

To ranar Juma'a. Mun sakko daga masallaci, shago cike, akwai direbobi biyu da masu lodi da wani dattijo abokin Baba da ke zuwa shan inuwa. Sai wakilin da ke fito mana da kaya a Kwatano ya kira. Mutumin ba ya jin Hausa, kullum ta hannun wani ake magana da shi, ran nan kuma wancan ba ya nan. Yaya ya ɗaga wayar sama ya buɗe murya kowa na ji, ya ce, "Ina mai Faransanci? Taho ga ranarka." Na karɓa. Na gaishe shi daidai, ya amsa, na faɗi ko ni wane ne, duk lafiya. Daga nan sai ya ɓalle da magana. Malam, kalmomin duk a manne suke da juna, ga ƙarar injin a bayansa, ga muryar tana yankewa. Na ji ya ambaci mota, na ji ya ambaci Litinin, na ji kuɗi, amma adadin ya wuce ni. Ka san lissafinsu, saba'in sittin da goma ce, tamanin kuma ashirin sau huɗu, casa'in da bakwai sai ka ce ashirin sau huɗu da goma sha bakwai, kafin ka haɗa wannan a kai ya wuce jimla uku. Na roƙe shi da harshen ya maimaita a hankali. Ya maimaita da saurin da ya fi na farko.

Sai Yaya ya fizge wayar daga hannuna, fizga ta gaske har littafin shagon ya faɗi ƙasa, ya miƙa wa wani yaro ɗan Gaya da ke mana lodi. Yaron ya share zufa da gefen riga, ya yi magana kaɗan, ya juyo ya faɗi kuɗin da ranar. Shago ya ɗauki dariya. Yaya ya ce, "To mi an amfanin karatun ga? Shekara da shekaru kana danne-dannen waya, ga ɗan dako ya fi ka." Dattijon nan ne kaɗai bai yi dariya ba, ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Ni ban ƙi yaron ba, yaron kirki ne. Amma a yi adalci. Shi tun ajin farko na firamare da Faransanci aka koya masa komai, kunnensa ya saba tun yana ƙarami. Ni muryar da na saba da ita ta cikin manhaja ce, mai magana dalla-dalla, in ban ji ba in danna ta sake. Kuma wannan yaron in ka ba shi takardar kaya ya karanta sai ya yi ta kame-kame, ni ne ke karantawa. A watannin baya ni na gano an rubuta mana kuɗin ajiyar kaya sau biyu a takarda ɗaya, aka cire. Yaya bai ce sannu ba. Cewa ya yi dama shi ma ya ji a jikinsa kuɗin sun yi yawa. Haka halinsa yake tun muna yara, in abu ya yi kyau nasa ne, in ya ɓaci na ɗan ɗakin amarya ne. Kuma na tabbata da gangan ya buɗe muryar wayar, don ya san wakilin nan da saurin baki, ya sha faɗa da kansa.

Da dare ya aiko a kira ni. A nan ya ce maganar kuɗin jarrabawa da muka yi da shi bayan girbi babu ita. Ban yi maka bayanin wannan ba tukuna. Akwai jarrabawar da ake kira DELF, ta ma'aikatar ilimin Faransa, matakai huɗu, A1 da A2 da B1 da B2. Kowace kashi huɗu ce, sauraro da karatu da rubutu da magana, kowane kashi maki 25, sai ka haɗa 50 cikin 100 ka ci, kuma in ka kasa samun 5 a kashi ɗaya ka faɗi ko da sauran sun yi kyau. Takardar ba ta tsufa, in ka samu ka samu har abada. A cibiyoyin Alliance Française ake rubuta ta, mu kuwa ba mu da ita a Kebbi, sai mutum ya nufi Kano ko Kaduna, ga kuɗin mota ga masauki ga kuɗin rajista. Niyyata in shirya wa A2. Ya ce zai ba ni daga kuɗin shinkafa, a gaban mahaifiyata ya faɗa. Yanzu ya ce bai ga dalili ba.

Hujjarsa kuwa ita ce wai su masu abin ma sun yar. Ya ce Nijar ta kori sojojin Faransa, na ƙarshensu sun fita a Disambar 2023, ta dakatar da gidan rediyon Faransa RFI, ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2025, a shekarar kuma ta mai da Hausa harshen ƙasa. Duk wannan gaskiya ne, ni ma na yi murna da aka ɗaga Hausa, harshen uwata ne. Amma dokar da ta ɗaga Hausar ita ce ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Takardun da ke shigowa shagonmu daga ƙetare har gobe da Faransanci suke zuwa. Kuma Benin fa? Togo fa? Tashar jiragen ruwan Kwatano da Hausa take rubuta takarda? Na faɗa masa haka cikin ladabi, wallahi ban ɗaga murya ba, ya ce na fara yi masa rashin kunya saboda na iya gaisuwar Nasara.

Yanzu ga inda kaina ya kulle. Ita manhajar tana da mataki na gaba, zan iya ci gaba, amma ina tsoron in ƙara shekara ina cika gurbi da zaɓen amsa, a sake miƙo mini waya in sake tsayawa. Na fara sauraron labaran RFI na Faransanci mai sauƙi, na minti goma, wanda suke sa rubutunsa a intanet. In ina bin rubutun da ido ina gane fiye da rabi, in na kife wayar sai abin ya zama ruwa. Ban sani ba ko haka kowa yake farawa, ko kuwa tun farko na gina karatun a kan ido na bar kunne. A nahawu na iya faɗin abin da nake yi yanzu, na iya na abin da ya wuce mai amfani da avoir da être, amma ɗayan na abin da ya wuce, imparfait, har yau ina ruɗewa wajen sanin inda ake sa wannan da inda ake sa wancan. Rubutu kuma ba mai gyara mini, in na yi kuskure haka zan yi ta maimaita shi ina ganin daidai ne.

Wani malamin sakandare ya ce in nemi Ƙauyen Faransanci na Badagiri a Legas, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991, inda ake zama ba a jin komai sai harshen. Legas kuwa daga Kamba ƙarshen duniya ce ga mai aljihu irin nawa. Wani ya ce in koma jami'a a Sakkwato in karanta shi gaba ɗaya, shekara huɗu ke nan, wa zai riƙe mahaifiyata? Kawuna na wajen uwa yana Doso ta Nijar, ya ce in taho in zauna wurinsa wata biyu ko uku. Sai dai gidan nasa Zabarmanci da Hausa ake yi, kasuwa ma haka, ina tsoron in je in dawo da Zabarmancina ya ƙaru kawai. Mahaifiyata kuma ba ta son jin maganar hanya tun da aka fara batun Lakurawa a yankin Arewa da Augie. Har na yi tunanin in riƙa biyan yaron nan ɗan Gaya wani abu mu riƙa hira da yamma, amma bayan abin da ya faru, in aka gan ni zaune gabansa da littafi, shagon nan ba zai zaunu gare ni ba.

Kuma maganar ta riga ta fita. Jiya ƙanwar yarinyar da nake nema ta tambaye ni wai da gaske ne an ba ni waya na kasa. Mahaifinsu dama yana cewa ba ni da sana'ar kaina, a ƙarƙashin wani nake. Na so a ce takardar nan ce za ta zama abin da zan nuna, ko in samu koyarwa a makarantar kuɗi a Birnin Kebbi, ko in riƙa yi wa 'yan kasuwa aikin takardu da kaina.

Malam, kuɗin da ya hana ni ba kyauta ba ce. Gonar nan ba a raba ta ba tun rasuwar Baba, ina da haƙƙi a ciki, ni da ƙannena mata biyu da mahaifiyarmu, kuma ba mu taɓa ganin lissafin abin da ake girbewa ba, ni da ke riƙe littafin shago ma na gona ba ya biyowa ta hannuna. Na yi shiru duk shekarun nan don zumunci. In na kai maganar gaban Baffanmu, za a ce Faransanci ya raba gidan marigayi. In na yi shiru, ka ga yadda ake yi da ni a gaban masu lodi. Mahaifiyata ta ce in bari har bayan girbin rani, amma ita ko da yaushe haka take cewa.

Shin laifi ne a addini ko a al'ada ƙane ya nemi a raba gado alhali wansa bai kawo maganar ba? Kuma in na nema, ta bakin wa ya kamata ta fito, ni ko mahaifiyata? In kuma cikin masu sauraro akwai wanda ya koyi harshen nan shi kaɗai har kunnensa ya buɗe, don Allah ya faɗi abin da ya yi bayan matakin farko, ko jarrabawar zan sa gaba ko sauraron. Ina roƙon a karanta wasiƙar nan a shirin wannan makon in da hali, don Baffa zai zo gari ranar Alhamis, kuma ban san ko in tare shi da maganar ko in bar shi ya koma ba.

Wassalam.

Naka mai sauraro,
daga Kamba, jihar Kebbi